Kaucin Tsamiyar Garkar Baba

Da sunan Allah nake farawa, Shi kaɗai ya san abin da ke cikin ƙirjin kowa, ni dai abin da idona ya gani zan faɗa. Ku 'ya'yana kun taso kuna jin ana ce mini Ilu Mai Kauci, wasunku ma har dambe sun yi a makaranta saboda sunan. Kun kuma taso kun ga katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da na Baffanku Sale, amma aka yi shekaru ko tuwon Sallah bai tsallaka ta ba. Kowa ya ba ku nasa labarin, har da waɗanda a lokacin ba su iya ɗaura wando ba. To, yau ku ji nawa, tun ƙwaƙwalwata ba ta fara yi mini irin abin da ta kakanku ta yi masa ba.

Garkar Baba tana cikin fadamar gabas da ƙauyenmu, a hannun dama in ka nufi garin Babban Mutum. Ku kango kuka sani, ni kuwa na san ta lokacin da mutum zai shiga da rana tsaka ya nemi mayafi. Lemon tsami da lemon zaƙi a jere, gwaiba ta bi shinge, mangwaro a bakin kwari, ƙarƙashinsu fangalin albasa da latas. Daga can kusurwa ga wata tsohuwar tsamiya da Baba ya ce shi ma haka ya tarar da ita. Mu biyu ne maza a wurin Baba. Yaya Sale tun yana saurayi ya ce ƙugunsa ba na jan guga ba ne, ya kama fataucin shanu a kasuwar Mai'adua, Allah kuma ya buɗa masa. Ban taɓa ganin laifinsa ba, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Ni na zauna da laka da taki.

Wanda bai yi lambu ba yana zaton aikin duk ban ruwa ne. Ina! Babban aikin yana ƙarshen hunturu, lokacin da sanyi ya fara sassautawa, kana jin ɗumin bazara yana leƙowa da hantsi. A ɗan tsakanin nan ake shirya itace ya iya tarar zafin da ke tafe, don rijiya za ta ja baya, guga ya riƙa fitowa da rabin laka. Za ka buɗe gindin kowace bishiya ka yi mata gurbin da zai riƙe ruwa, ka zuba ruɓaɓɓen taki, ka rufe da ƙaiƙayi. Ka dama toka ka shafe kututture saboda gara. Ka sare busassun rassa. Mangwaro ba a taɓa shi, don ya riga ya yi fure. Sannan sai babban abokin gaba, wato kauci. Ga waɗanda suka tashi a birni cikinku, kauci wani tsiro ne da ba ya fitowa a ƙasa, sai a kan reshen wata bishiya. Furensa ja ne siriri kamar tsinken ashana, 'ya'yansa da danƙo. Tsuntsu ya ci, ya je ya goge baki a reshen lemo, shi ke nan ya kafa. Ruwan da ka sha wahala ka jawo, shi zai riga bishiyar sha. Da damina ba ka gane ɓarnarsa. Bazara ce ke tona asiri, sai ka ga lemo ya fara bushewa daga sama.

Yadda Baba ya koya mini cire shi, haka nake yi ko wace shekara. Ana idar da sallar asuba nake tafiya, domin akwai ƙudan zuma a kogon tsamiyar nan, sai da sanyin safiya suke lafawa. Ina tuɓe riga, don ƙayar lemo ba ta san tsadar yadi ba. Ba na jefo reshe ƙasa, saboda ɗanyen reshe ɗaya in ya faɗo zai kwantar da rabin fangalin albasa, 'ya'yan kaucin kuma su warwatse tsuntsaye su tsince. Sai in farke farin buhun taki in shimfiɗa, in ɗaure reshen da igiya in zuro shi a hankali. Hannu ɗaya na riƙe da barandamin sara, ɗaya na riƙe da bishiya, bakin igiyar kuwa yana tsakanin haƙorana. In na tara, sai in ɗora a kan busasshen kara in cinna wuta. Ku riƙe wannan da kyau, don a nan duk maganar take.

Shekarar da abin ya faru, shari'a ba ta daɗe da dawowa da ƙarfinta ba. Alheri ne, ban ce ba alheri ba ne. Amma mutanenmu kun san su, sai kowa ya zama mai sa ido a kan maƙwabcinsa. Masu bori suka ɓoye kayansu, masu ba da magani suka koma yi a ɗaka, wanda jiya ka gani a gindin boka yau shi ke nuna wani da yatsa. A wannan shekarar ce kuma tsufa ya taɓa kan Baba. Sai ya dubi Yaya Sale ya ce, "Baƙo daga ina?" Ni kuwa da ya ji tafiyata zai kira sunana, ya tambaye ni ruwan rijiya. Ba wani abin mamaki a ciki, ni yake gani safe da yamma. Kafin kan nasa ya rikice sosai, ya faɗa a gaban mutane bayan sallar Juma'a cewa garka ta Ilu ce, shi ya san ta. Ana cikin haka ciwo ya faɗa wa shanun da Yaya ya saro daga arewa, ya yi asara mai nauyi. Ya dawo gida zuciya a ƙuntace, ya tarar uba bai gane shi ba, garka kuma an ce ta ƙane ce.

Wata safiya ina can ƙololuwar tsamiya, sai na ji sallama daga bakin shinge. Tanko wanzami ne, wanda ke yi mana aski, yana kuma ɗan taɓa harkar saiwoyi a ɓoye. Ya yi ta sallama, ni kuwa reshe mai nauyi na rataye, igiya a bakina, in na buɗe baki albasa ta tafi. Sai da na sauko na amsa masa. Na tarar yana duban buhun, yana dubana, yana wani murmushi da ban so ba.

"Ilu, ashe kai ma ɗan hannu ne," in ji shi.

"Ɗan hannun me?"

"Haba, ni za ka ɓoye wa? Ba riga, ba magana, ba ka bari ya taɓa ƙasa, ga farin ƙyalle, ga shi kafin rana ta fito. Ai sharuɗɗan ɗibar kaucin tsamiya sun cika cif. Ɗan sam mini reshe ɗaya, akwai mai neman na mallaka."

Raina ya ɓaci, kun san ni ba na iya taunawa kafin in furzar.

"Tanko, in aski ka zo yi, ga kaina. In kauci ne, wuta ce za ta ci shi, kai ma in ba ka tuba ba ita ke jiranka."

Na ɗora shi a kan kara na cinna wuta a gabansa. Ya tsaya yana kallon hayaƙin yana tashi, ya gyaɗa kai.

"Har da turare," ya ce, ya saɓa zabirarsa ya tafi.

Ban ga lokacin da Tanko ya kai magana ba, saboda haka ba zan ce shi ne ba, kada in je lahira da hakkinsa. Amma wanzami kan kowa yake riƙewa, kunnen kowa kuma yana kusa da bakinsa. Kafin kasuwa ta zagayo, gari ya canza mini. Mai sarin latas da ya saba zuwa ya aiko cewa ya samu a wani wuri. A masallaci na lura wanda ke gefena yana ɗan janye kafaɗarsa. Na shigo majalisa ana hira, sai aka koma maganar tsadar taki. Ni ma sai ciwon zargi ya kama ni, duk mutum biyun da na hanga suna magana sai in ce da ni suke. Har mahaifiyarku Rabi na fara tuhuma ko tana ɓoye mini wani abu, ashe kuwa tana ɓoyewa. Sai da na matsa mata ta ce a gidan suna ta ji mata na cewa na wanke kauci na ba Baba a kunu, shi ya sa ya manta ɗansa na fari, kuma hayaƙin da nake yi shi ya bi shanun Yaya har Mai'adua.

Na yi dariya, wallahi na yi dariya. Dariyar ta tsaya ranar da Rabi ta kai wa Baba kunun safe kamar yadda ta saba tun zuwanta gidan, Yaya Sale ya karɓi kwanon a ƙofar ɗaki, ya zubar a makwarara tana tsaye. Ya ce daga yau daga sashensa za a riƙa kawo wa Baba abinci. Matar da ba ta taɓa ɗaga ido ta dube shi ba! Ta dawo ɗaki ba ta yi kuka ba, ta zauna tana kallon kwanon. Ni na yi kukan a madadinta, a garka, inda ba mai gani.

Aka tara mu a zaure bayan la'asar, ni da Yaya da limamin garinmu, aka fito da Baba aka jingina shi da bango. Inna tana bayan ƙofar cikin gida, ba a ganinta amma ana jin numfashinta. Yaya ya jero abin da aka gani: rashin riga, rashin amsa sallama, farin ƙyalle, hayaƙi. Ba ƙarya ko ɗaya a ciki, abin da ya fi ƙona ni ke nan. Na bayyana dalilin kowanne, ƙudan zuma, ƙaya, albasa, igiya. Ina faɗa ina jin yadda maganar ke fita kamar ta wanda ya kwana yana shirya ta. Sai Baba, wanda muke zaton ba ya tare da mu, ya ɗago kai.

"Ni na koya masa," ya ce. "Haka ubana ya koya mini. Wa ke jefo kauci a kan albasa in ba mahaukaci ba?"

Na ce alhamdu lillahi, magana ta ƙare. Ashe farawa ta yi.

"Allah gafarta Malam, ka dai ji da kunnenka," in ji Yaya. "Ni ya manta fuskata, amma da aka taɓa Ilu bakinsa ya buɗe tar. Ruwa ba ya tsami banza."

Liman mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa. Ya ce zato zunubi ne, ba wanda ya ga sihiri, sare kauci kuma ba haramun ba ne. Ya ce in zuciyar Sale ba ta kwanta ba, ga Alƙur'ani, Ilu ya yi alwala ya rantse. Na miƙe zan nemi buta, sai muryar Inna ta fito daga bayan ƙofa. Kun san ba ta kama sunan Yaya, don ɗan fari ne.

"Ba a ɗaukar Alƙur'ani tsakanin 'ya'yana ina raye. Wancan nawa ne, Ilu nawa ne. Duk wanda Alƙur'anin ya ci, ni ya ci."

Can sai Yaya ya ce, a hankali, yana kallon tabarma:

"To, in ba komai a ciki, ya daina hawa. Ya cire hannunsa daga garkar. Mu gani ko Baba zai dawo hayyacinsa."

Na san abin da wannan ke nufi fiye da kowa a wurin. Rabin lemon ban kai gare su ba, tsamiyar ma gefe ɗaya na yi, bazara kuwa tana bakin ƙofa. In na ƙi, garka ta rayu, ni kuma na zama wanda ya shanye ubansa har abada. Ke Hadiza, a lokacin ana maganar aurenki, dangin yaron sun fara cewa a dakata sai bayan damina, kin san ma'anar wannan. In na yarda, na san bishiyoyin da muka yi reno ni da Baba tamkar na ba su guba ne. Na shiga gida na ɗauko barandami da igiyar, na ajiye a gaban Baba, na ce na bar garka, kyautar ma na mayar. Baba ya shafa igiyar, ya gane ta, ya miƙo mini.

"Ilu, zafi ya kusa. Ka gama da lemon?"

Ban iya amsa masa ba, ga shi wannan karon ba komai a bakina.

Mahaifiyarku ba ta yaba mini ba ko kaɗan.

"Malam, ka ba su garka, ka haɗa musu da gaskiyarka. Gobe za su ce da ba ka da laifi da ba ka sauko ba."

Na ce ta yi shiru, mata ba su san waɗannan abubuwa ba. To, ita ce ta sani. Haka aka ce, kalma da kalma. Auren Hadiza dai an ɗaura, wannan kaɗai na tsira da shi. Na koma yin ƙodago a lambunan mutane, ina jan guga a rijiyar wasu, da furfurata. Baba bai dawo hayyacinsa ba, ya rasu a tsakiyar daminar nan yana tambayar ruwan rijiya. Da aka raba gado na ce a ba ni gonar tudu, garka ta faɗa hannun Yaya. Ya sa 'yan ƙodago suna ban ruwa, ba ya ƙyashin biya, amma ba wanda zai yarda a gan shi a saman itace yana taɓa kauci, kowa na tsoron a laƙaba masa irin sunana. Hanyata ta wucewa ce, ko wace shekara ina ganin jan furen nan yana ƙaruwa, ina kawar da kai. Lemon zaƙi suka fara tafiya, sai gwaiba, sai na tsami ɗaya bayan ɗaya. Kun san abin da gari ya ce? Wai ga shi nan, biri ya yi kama da mutum, Ilu ya ɗaure bishiyoyin, da aka raba shi da su sai suka mutu. Na hau an ce asiri, na sauka an ce asiri. Daga nan na daina wanke kaina a wurin kowa.

Shekaru suka ja. Inna ta bi Baba, Tanko ma ya tafi inda za a tambaye shi. Yaya Sale gwiwa ta hana shi bin kasuwa, ya dawo gida ya zauna. A garkar ba abin da ya rage sai mangwaron bakin kwari, da tsamiya, da lemon tsami guda na bakin rijiya, shi ma kansa duk kauci. Wata safiya a ƙarshen hunturu, bayan an fito masallaci, na ji sandarsa a bayana har ƙofar gida. Sanye yake da shuɗiyar rigar nan tasa mai babban aljihu. Bai ba ni haƙuri ba, ku daina cewa ya ba ni, ba halinsa ba ne.

"Ilu, barandamin nan yana ɗakin Baba. Tsatsa ce kawai ya yi."

Ya dogara da sandarsa, ya ci gaba.

"Lemon bakin rijiya ne. In bazarar bana ta same shi a haka, ba zai ga damina ba."

Na so in ce masa ya nemi wanda ba ya asiri. Amma lemon nan ni na riƙe shi Baba ya tura masa ƙasa. Washegari muka tafi tare. Na tuɓe riga, na hau da ƙyar. Yaya ya ɗan shuka albasa a ƙarƙashi, saboda haka shi da kansa ya shimfiɗa farin buhu, yana tarar reshe da hannu biyu in na zuro. Muna cikin yi wani mai babur ya tsaya a bakin shinge ya yi sallama, yana leƙe. Igiya na bakina. Sai na ji Yaya ya ɗaga murya yadda har na kan hanya za su ji:

"Wa alaikumus salam! Ni ne da ƙanena, gyaran itace muke, bakinsa da igiya!"

Hawaye suka cika mini ido har na daina ganin reshen. Na ce a raina, Allah na gode, ko yau na mutu an wanke ni. Da na gama da lemon, sai ya ce:

"Tunda ƙarfe ya yi zafi, ka rage na tsamiyar ma. Ai daga can tsuntsaye ke kawo shi."

Gaskiya ya faɗa, duk mai lambu haka zai ce. Na hau reshen ƙasa-ƙasa, na saro, na zuro. Daga sama ana ganin komai, shi ne abin da na ƙasa ke mantawa. Na ga ya tari reshen kafin ya kai buhu. Ya duba hagu, ya duba dama. Ya karyi ɗan tsinke mai ganye, ya zura a aljihu, ya dafe bakin aljihun da tafin hannu.

Na sauko, muka ƙone sauran, muka taho gida tare yana ba ni labarin farashin shanu. A ranar aka kawo mana tuwo daga sashensa, mahaifiyarku ta mayar da kwanon da dambu. Lemon ya rayu, shi ne wanda kuke matsawa a kunu da azumi. Ku ci gaba da cire masa kauci kafin bazara, ku riƙa zuwa ku biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa yana amsa sallama. 'Ya'yan Baffanku kuma 'yan'uwanku ne, ba su zubar da kunun kowa ba.

Abin da ban sani ba, kuma ba zan taɓa sani ba, shi ne ko don lemon ya kira ni, ko don ya samu kaucin tsamiya daga hannun wanda ya yi imani ya iya ɗibarsa. Wataƙila jefarwa ya yi a hanya. Wataƙila don ciwon gwiwa ne. Na yi niyyar tambayarsa, ina ta ɗagawa, shi kuwa bai ga daminar ba, zafin bazarar nan ya tafi da shi. Ni na cire masa riga da za a yi masa wanka, shuɗiyar nan ce. Na ji tudun wani ɗan abu a aljihun, ƙulle cikin tsumma. Yatsuna sun kai bakin aljihun. Sai na ninke rigar yadda take, na miƙa wa matarsa, na ce a kawo ruwa.